Gurbin Unguwa

Dauloli sun tashi sun faɗi, an ƙera takobi an ƙera bindiga, amma a iya karatuna ban ga abin da ɗan Adam ya ƙirƙira mai tayar da hankali kamar farar takarda mai gurabe huɗu ba. Tamu ta iso ne wata Lahadi, a makarantar 'yan mata da nake koyar da lissafi a bayan unguwar Mansur a Makka, wadda jama'armu suka haɗu suka buɗe, daga aji ɗaya zuwa na tara. Mudira, wato shugabarmu, sabuwa ce, haifaffiyar unguwar Zahir, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da tsawa ba. Ta raba mana takardun, ta ce kowace malama ta cike wa ajinta: suna, maki, yaren gida, unguwa.

Maki ba ya ba ni tsoro. Yaren gida kuwa, kowace yarinya ta ce Larabci, har wadda na ji da kunnena tana surfa wa ƙanwarta faɗa da Sakkwatanci a bakin famfo. Unguwar ce matsala. A Makka in ka ce Nakkasa, mai hankali ya riga ya fara tunanin ko kana da takardar zama ko babu.

"Abla, wa zai karanta wannan?" na tambaye ta, da laƙabin da ake kiran kowace malama a nan.

"Ni."

"Bayan ke fa?"

Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Lesh? Don me? Kina ɓoye wani abu ne?"

Na ce a'a, da saurin da mai gaskiya ba ya yi.

Ina ɓoyewa kuwa. A ajina, aji shida, akwai yarinyar da ta fi kowa lissafi, irin wadda za ta ga kin yi kuskure a allo, tarbiyya ta hana ta magana, sai dai ta yi ɗan tari. Iyayenta sun zo Hajji ba su koma ba. Da takardar wan babanta mai gida a Zahir aka sa ta makaranta, amma kowa ya san daga kan dutsen Nakkasa take saukowa da ƙafa, ta iso bayan ƙararrawa tana haki. In gaskiya ta hau takarda, na ga kamar kujerarta ta tafi.

Washegari uwarta ta tare ni a bakin ƙofa.

"Abla, an ce kuna rubuta mutane."

"Maki ne kawai, Yaya."

"Yaushe maki ya yi unguwa? Mun san yadda masu kamen nan suke. Da takarda suke farawa, su ƙare da mota." Ta gyara mayafi. "Na san Innarki tun tana suyar waina a Mansur. Kar ki ba ni kunya."

Na shiga ɗakin malamai na tarar kowace ta kare takardarta da hannu, kamar ɗaliban da muke kamawa ranar jarrabawa. Na daɗe ina zargin malamar kimiyya da kai wa Mudira rahoto. Daga baya na ji ita ma ni take zargi. Na juya mata baya, na rubuta wa ɗalibata Zahir a gurbin unguwa, da rubutu mai kyau.

Bayan mako biyu Mudira ta tara mu, ta manna jadawali a bango. 'Yan Zahir sun cika sama, kamar a can ake rabon basira. 'Yan Nakkasa 'yan tsiraru ne, duk a ƙasa. Ina karanta sunayen na gane abin da ya faru. Kowace malama, ba tare da shawara da kowa ba, ta kwashe haziƙanta na dutse ta kai su Zahir. Masu faɗuwa kuwa ba wadda ta tuna da ɓoye su. Ashe tausayi ma sai ya duba maki.

"Ajib," in ji Mudira cikin mamaki. "Na ɗauka 'yan dutse sun fi haka. Motarmu Zahir kaɗai take zagayawa, kuma wani bawan Allah ya ce zai ba da ta biyu in za su cika ta. Waɗannan ko kujerar baya ba za su cika ba."

Malamar kimiyya ta raɗa mini, "Tarko ne. So take mu tona kanmu." Karo na farko ke nan da muka yarda da juna, na gyaɗa kai. Har yau ban san ko akwai bawan Allahn ba. Ba wadda ta tambaya.

Kujerun aji bakwai kaɗan ne, kuma dokar makaranta ta ce mai yawan latti ba a ajiye mata kujera, sai in tana da uzurin nisa. Da ƙarshen shekara ya zo na shiga ofis roƙo. Na yi magana a kan baiwa, na yi a kan amanar ilimi, har da tarihin waɗanda suka ƙirƙiro sifiri. Mudira ta saurare ni har na gaji, sannan ta zaro takarda daga aljihun tebur ta juyo mini ita.

"Rubutun wa ne wannan, Abla?"

Nawa ne.

Ba a ba yarinyar kujera ba. A takarda gidansu yana Zahir, kuma motar makaranta a ƙofarsa take tsayawa.