Kurnar Tsakar Gidanmu

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, sai yau.

Yayana ya dawo daga Yamai ya ce zai gyara gidanmu na Filinge, ya zuba siminti a tsakar gida, ya jera furanni a tukwane. Wai tsohuwar kurnarmu ce ke ɓata wurin, sai an sare ta.

Kaka tana alwala a gindinta kamar kullum. Ko kai ba ta ɗago ba.

"Kai ɗan birni, ka san wa yad dasa ta?"

"Tsuntsu, Kaka," ya ce yana dariya.

"Kakata tad dasa ta, shekarar da Nasara sunka tafi da mijinta aikin hanya. Ruwa ya yi wuya, sai ta riƙa alwala a kanta, wai kafin ta yi inuwa za ya komo. Bai komo ba. Ku ne ke shan inuwar."

Har yanzu dai Yaya bai ce ya fasa ba.

Ni ba na iya gardama da manya. Na tsinci ƙwallon kurna biyar na binne a bayan rumbu, kuma can nake alwala yanzu.

Ku ma kun san wanda ya dasa itacen gidanku?