Karen Mai Gidana a Liwan

Farkon zamana a Guangzhou ta ƙasar Sin, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ɗaki na kama a hawa na uku na wani tsohon gida a unguwar Liwan, don ya fi kusa da kasuwar Shisanhang inda nake saro tufafin da nake aikawa Kano. Mai gidan wani tsoho ne da ya yi ritaya daga masaƙa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a wani gari, shi da karensa kaɗai ke zaune a ƙasa. Ina ce masa lawban, wato maigida, shi ma lawban yake ce mini. Kusan iyakar hirarmu ke nan, sauran da hannu muke yi.

Karen ja ne, dogo, ya manyanta. Gara in faɗa tun yanzu, ban taɓa son sa ba. Ni da na tashi a gidan da ko karen maƙwabta ya leƙo zaure sai an bi shi da jifa, yau ga ni muna hawa bene ɗaya da kare. In na sa fararen kaya, bango nake bi kamar ɓarawo. Tsohon ya lura, sai ya riƙa janye shi da zarar ya ji takuna.

Na daɗe ban gane dalilin da karen ba ya fita waje ba, kuma ba ya haushi. Wani abokina mutumin Maraɗi, wanda ya riga ni zuwa har yana jin yarensu, shi ya warware mini muna dawowa daga Juma'a a Masallacin Huaisheng. Ya ce hukumar birni ta kafa dokar karnuka. Sai ka yi wa kare rajista, a yi masa allura, a rataya masa lamba, kuma kuɗin rajistar ya fi ƙarfin ɗan fansho nesa ba kusa ba. Babban kare kuwa, ko da kuɗinka ba a yarda ya zauna a tsakiyar gari ba. Wanda aka samu ba lamba tafiya ake yi da shi, ba ya dawowa. Na ce ai ni dokar ta yi mini daidai.

Ya ce, "Alhaji, tsohon nan fa ba shi da kowa sai shi."

Wata rana da hantsi na ji ana buga mini ƙofa a hankali. Tsohon ne, riƙe da wuyan karen, yana haki. Ya ja ni taga ya nuna mini bakin lungu. Matan kwamitin unguwa ne masu jan ƙyalle a damtse, tare da wasu maza biyu masu kaki, ɗaya da doguwar sanda mai zarge a baki, suna bi gida-gida. Ya nuna hulata, ya nuna karen, ya ce "meyo", wato babu. Na fahimce shi. Duk lungun an san mu Musulmi ba ma ajiye kare, ba wanda zai ɓata lokacinsa ya binciki ɗakina.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na dai matsa daga ƙofar. Ya tura shi ƙarƙashin gado, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya sauka.

Na zauna a kujera na naɗe ƙafafu. Karen ya yi lamo na ɗan lokaci, sannan ya fito ya fara shinshina sallayata. Raina ya ɓaci. Tun ina yaro na san mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake, ga azahar ta gabato, a nan kuma nake salla. Sai na ce a raina ai baranda ma tawa ce, amma ita ba ɗaki ba ce. Na zare sakatar ƙofarta, na sa tsintsiya na kora shi waje, na mayar da ƙofar. Allah ya sani ban yi niyyar tona shi ba. Amma ban tsaya na tuna cewa barandar ta ƙarfe ce ba, kuma a kan lungun take.

Karen da ya fi shekara bai ga titi ba, sai ya zura kai tsakanin ƙarafan, ya hango ubangidansa a ƙasa yana buɗe wa mutanen hannu, yana ce musu babu. Bai yi haushi ba. Kuka ya yi siriri, jelarsa na bugun ƙarfe. Ɗaya daga cikin matan ta ɗaga kai.

Tsohon bai bari an hau da sandar ba. Da kansa ya zo ya ɗauko shi, da kansa ya sa shi a kejin bayan motarsu, ya sa hannu a takardar tara. Ba wanda ya ɗaga murya. Motar na fita, masu tura kaya suka ci gaba da wucewa.

Bayan la'asar abokina na Maraɗi ya biyo, na ba shi labari duka, har da tsintsiyar. Muna zaune sai ga tsohon da lemo a leda. Ya yi magana mai ɗan tsawo, idonsa a ƙasa, abokina yana fassarawa. Wai in yi haƙuri da ya jawo ni cikin abin da ba ruwana. Wai laifinsa ne, garin sauri bai duba sakatar baranda ba, alhali ya san karen ya iya tura ƙofa da hanci.

Abokina ya gama, ya zuba mini ido yana jira. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na san kalma biyu, "ni ne", sun isa in sauke wa tsohon nan wannan nauyi. Na ce ya gaya masa ba komai, ƙaddara ce. Na sa hannu biyu na karɓi lemon.