Na'urar da Na Sa Aka Kashe a Tsakiyar Ruwa

A lokacin ina amarya, wata biyu da tarewa a unguwar Soron Ɗinki, kaina cike da littattafan soyayyar da nake haya tun ina 'yar makaranta. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwarmu ba, na ƙudurta sai maigidana ya kai ni yawo a jirgin ruwa, na jingina da kafaɗarsa iska tana kaɗa mayafina. Shi tela ne, da keken ƙafa yake aiki, ko iyo bai iya ba. Na yi ta shagwaɓa har ya rufe shago wata Asabar, muka nufi wani dam a wajen gari.

Mai jirgin dattijo ne. Kusa da injinsa akwai wata 'yar na'ura mai fuska kamar ta waya. Ya ce tana hango masa kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, da an doshi ɗaya sai ta yi ƙara shi kuma ya kauce. Ai kuwa ta dinga tsuwa daidai lokacin da nake ɗaukar mu bidiyo, maigidan yana maimaita kalaman da na koya masa a mota. Na ce a kashe mini wannan abin. Baban ya ce amarya ta yi haƙuri, bana ruwa ya ja baya, idonsa kuma ba kamar da ba. Ni da rashin kunyata na tambaye shi da wace na'ura kakanninsa suka yi tuƙi, na juya ina tura baki. Maigidana ya roƙe shi, wai minti biyar kawai. Ya kashe.

Ba mu cika minti biyar ɗin ba. Jirgi ya daki kututture, maigidana ya wuntsila ta baya, farfelar injin ta kama ƙafarsa ta dama. Baban ne ya faɗa ruwa ya jawo shi, ni ina tsaye riƙe da waya ina ihu. An ceci ƙafar, amma ba ta ƙara taka keke ba.

Haushi bai sake ni ba har yau. Ina jin haushin masu rubuta mana ruwa lumui kamar babu komai a ƙarƙashinsa. Ina jin haushin 'yan dubiya da ke tsine wa kayan zamani, domin maigidana ya gaya wa kowa wai na'urar ce ta mutu da kanta, don ya rufa mini asiri. Kullum suka faɗa sai na ji kamar na tashi na yi ihu na ce ni ce. Kaina na fi jin haushi, don ban taɓa tashi ba.

'Yan'uwana mata, abin da aka sa don ya yi gargaɗi ku bar shi ya yi ƙararsa, ko da zai ɓata muku hoto. Bidiyon yana nan a wayata. Ya fita tsaf, babu tsuwar komai, sai muryata ina ce wa maigidana ya ƙara matsawa baya, hasken ya fi kyau a can.