Silin Tajaye da Kawu Labo ya bar mani

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba 14 ga watan Mayu 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran kawuna Malam Labo mai staf a gidanshi na Malbaza, bayan doguwar jinya. Kafin magariba mun kai shi makwancinshi.

Kawu, ni Alkasum ne, ɗan ƙanwarka. Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, kai ka sani, tunda kai ka ɗauke ni ranar da na bari, ka miƙa mani bahon kwaɓi. Da hannunka ka koya mani aikin staf, wato farin silin na filasta. Ka nuna mani cewa garin filastar nan, da ya sha ruwa, ba ya jiran kowa. Ka sa na dafa shi na ji ɗumin da yake yi in zai kama. Ka ce ɗan gishiri yana sa shi sauri, baho marar wanki ma haka. In kuma zafi ya yi yawa ana son ya dakata, akwai garin tsamin da muke sayowa kasuwar Ƙonni. Amma ka gargaɗe ni: abin da yatsu biyu suka tsinko ya isa. In aka wuce haka zai ba mutum lokaci, ya bushe fari tas, amma cikinshi ba ƙarfi.

Mutanen Tsarnawa ba su manta ba. Kai ka yi adon wurin liman a masallacin unguwarsu, da suka kawo maganar lada ka ce su dai kawo hura mai sanyi. In yara suka taru wurin aiki ba ka korarsu, ragowar kwaɓi kake zuba musu a murfin gwangwani su yi 'yan shanu da shi. Ni kuwa, in na ɓata buhu guda, ba ka zagi. Sai ka dube shi ka ce to, Alhaji Alkasum ya gina dutse, a kira mota.

Tun bara na gane ba ka da lafiya, kafin likita ya faɗa. A baho na gani. Hannunka ya fara rawa, numfashi yana yanke maka a kan tsani, kwaɓi yana sandarewa ba ka gama shafawa ba. Sai ka fara ƙara tsamin don ya jira ka. Daga yatsu biyu ya koma uku, har ya kai tafin hannu. Na yi maka magana, ka ce kwana biyu ne, ƙarfi zai dawo. Aikinka na ƙarshe shi ne gidan Alhaji Muttaƙa a Tajaye, ɗakin da 'ya'yanshi ke kwana. Ni ina wani aiki a Illela lokacin, kai kaɗai ka yi shi.

Ana saura 'yan kwanaki ka rasu, ka sa Inna Uwani, matarka, ta kira ni. Ka kama hannuna ka ce: "Ka tafi Tajaye ka sauke silin nan. Inda na ɗaure shi da katako ma kwaɓin ba shi da ƙarfi. In ruwa ya taɓa shi zai zo ƙasa." Na ce sunanka fa, Kawu? Ka ce sunan ba ya kwana a ɗakin.

Bayan addu'ar uku na tafi. Alhaji ya karɓe ni da kyau, ya yi mani gaisuwa, har ya yi hawaye. Na isar da saƙonka. Na hau kujera na kankare kusurwa da farce, gari ya zubo mani a fuska. Na nuna mishi tsatsar da ke jikin kwanon rufin, inda zai yi yoyo. Na ce aikin ni zan yi, ba na son komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, zafin ciwo ne ya sa shi faɗin haka. Aikin Malam Labo bai taɓa faɗuwa ba, kuma ba zan rushe abin da ya taɓa na ƙarshe ba."

Na koma, na sake komawa da limamin unguwarsu. Amsar ɗaya ce. Na roƙi ko yaran a maida su wani ɗaki, ya ce babu wani ɗakin. Kawu, shekarun da ka yi kana aiki mai kyau su ne suka hana a yarda da kai yau. Ban san me zan ƙara faɗa mishi ba. Jiya hadari ya taso daga gabas, ya watse bai zuba ba. Kowa a Malbaza yana roƙon ruwa, ni ma manomi ne, amma bakina ya kasa cewa amin.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ya gafarta maka, Ya shaida cewa ka faɗi gaskiya tun da sauran numfashinka, kada Ya kama ka da abin da rashin lafiya ya sa ka. Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Uwani, da 'ya'yanka Rashida da Abdussamad, da mahaifiyata, da duk masu aikin staf daga Ƙonni har Illela. Allah Ya ba mu haƙuri. Yaran Tajaye kuma, Allah Ya tsare su. Gobe Jumma'a zan sake komawa.