Zuwana Yamai Ɗauko Mai Kwasar Shara

Kofin shayi ne Malam ya dire a kan faranti da ƙarfin da bai saba ba. Ina tankaɗe a bakin madafa na ji ƙarar, na san akwai magana. Ya kira ni, ya miƙo mini waya. Bidiyo ne wani ɗan'uwansa ya turo daga Yamai: samari da 'yan mata da safar hannu suna kwasar shara a bakin kasuwa, ga babbar ɗiyarmu a tsakiyarsu, ta duƙa tana tsintar ruɓaɓɓen tumatir. Wadda muka tura jami'a.

"Karatun ke nan?" in ji shi. "Ki shirya ki je ki gani. In haka ne, ki taho mini da ita, ya isa."

Mun tashi da asuba daga Dogon Dutsi, ni da wata maƙwabciyata da za ta ga likitan ido. Kaka ce, ko'ina dammunan hatsi a jingine a bakin gonaki, mata na roron wake. Hanya ba laifi, sai tsayawa a wurin jandarmomi, a sauka a nuna kati a koma. A Dosso muka karya da dambu da zogale, mai daɗi amma kaɗan, komai ya yi tsada har ruwan leda. Kowa ya sha nasa ya jefa ledar ta taga. Saboda abin da ke raina sai idona ya riƙa bin su, na ga ashe duk ƙayar da ke bakin hanya ta yi baƙi da leda, kamar an shanya mata tsummoki. Da muka kusa inda ake ganin raƙuman dawa, maƙwabciyata, wadda ake kai wa likitan ido, ita ta fara hango su. Duk motar aka yi dariya. Ni dai ina ta istigfari, ina roƙon Allah Ya sa abin da zan tarar ya zo da sauƙi.

Yamai ta tare mu da zafi da hon ɗin taksi da Zabarmanci. Yarinyar tana zaune ne wurin gwaggonta a Boukoki, unguwa ce a cushe, gida jikin gida. Tun daga ƙofa na ga shatin ruwa a bango, ya kai gwiwa. Gwaggon ta ce na daminar bana ne: leda ta toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya shigo musu ɗaki, ya jiƙa katifu da buhun hatsi.

Bayan la'asar yarinyar ta dawo daga ƙetaren kogi, inda jami'arsu take. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na amsa ina duban gwaggonta, kamar yadda muka saba da 'ya'yan fari, amma ta gefen ido na ga ta rame. Da na shiga ɗaki yin salla sai na ga akwatinta a ɗaure a bayan ƙofa, littattafanta a cikin kwali. Ba wanda ya faɗa mata dalilin zuwana. Ta dai san ubanta.

"Inna," ta ce, "in Baba ya ce in koma, zan koma. Sai dai gobe muna da aiki, na yi alkawari. Ki zo ki gani, sannan mu tafi."

Washegari da sassafe muna gefen Babbar Kasuwa, wajen masu kayan miya. Na tarar da abokan karatunta, maza da mata, da buhuna da burweti, wato baron turawa. Suka yi ta "Sannu da zuwa, Mama", wata ta gaishe ni da Zabarmanci na amsa da Hausa, muka rabu kowa ya gamsu. Aikinsu shi ne rarraba shara. Ganyen kabeji, ɓawon albasa, tumatir da ya lalace, buhu guda. Leda da robobi, buhu guda, akwai masu narkarwa da ke karɓa. Suna yi suna bin masu saye da lallashi, su zo kasuwa da kwando ko kwano maimakon karɓar leda a kan kowane ɗan abu. Wasu su saurara, wasu su wuce.

Na koma can gefe ƙarƙashin wata rumfa na tsaya, kamar mai jiran wani. Warin wurin ba kaɗan ba ne, ga ƙudaje. Wani mahauci da ya san su ya kawo musu wani dunƙule baƙi, ya kai girman ƙwarya, ya ce daga tumbin saniyar da ya yanka ya ciro shi. Leda ce zalla, ta murɗe ta yi tauri. Na tuna dabbobin da ke ramewa a garinmu suna ci ba sa ƙiba, a yi ta cewa baki ne.

Sai wani mai shagon atamfa, babban mutum da furfurarsa, ya leƙo ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "'Yan lakkwal, manyan 'yan boko, an fito? Ke mai shuɗin hijabi, in kin ƙare digirin bola, wa zai kwashe ki?"

Da ita yake. Mutane suka yi dariya. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Ina kwana, Baba. A ɗan ɗaga ƙafa in share nan." Ya ɗaga kuwa. Ta share ƙofar shagonsa tas, ta ɗaure buhu, ta kama kunne ɗaya tana neman wanda zai kama mata ɗayan, abokan duk sun yi gaba. Ban san lokacin da na bar rumfar ba. Na kama. Ya yi nauyi, ruwan tumatir na ɗiga a zanena. Muka kai shi burweti ba wadda ta dubi 'yar'uwarta.

Daga nan aka loda buhunan a wata tsohuwar mota muka nufi Saga, a bakin kogi. Bayan hayaniyar gari sai ga shinkafa kore shar har iyakar gani, iska mai sanyi, fararen tsuntsaye. A bayan wani lambu suka haƙa ramuka. A zuba ɓawon, a bi da busasshiyar ciyawa da kashin awaki da toka, a yayyafa ruwa, a rufe. Suka buɗe mini wani tsohon rami, na sa hannu na ɗebo: ƙasa baƙa, mai laushi, ƙamshinta kamar na ruwan farko. Matan da ke noman salati da kabeji a wurin ita suke zubawa, sun rage sayen takin kanti. Kakata ma haka take sa a kwashe juji a kai gona a kan jaki, sai dai a zamaninta jujin ba leda a ciki.

Abu ɗaya ya rage a zuciyata, ban faɗa wa kowa ba: tsarki. Mai wuni cikin ƙazanta, da wane tufa take tsayawa gaban Ubangijinta? Da aka kira azahar na zuba ido. Ta cire rigar aikin da safar ta naɗe su waje guda, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta wanke ƙafa, sannan ta yi alwala. Ta buɗe jakarta ta fito da wani hijabi da zane wankakku. Ta dubi zanena da ya ɓaci, ta miƙo mini nata ta ce in fara, ita ta jira. A cikin sujada na yi kukan da ban shirya ba.

Da yamma a Boukoki na ce wa gwaggonta, ba ita ba, "A kwance akwatin nan, ya tare hanya."

Dawowa ta fi zuwa tsawo. Maƙwabciyata an ɗaure mata ido ɗaya, ta yi ta barci, ni kuwa ina ta juya abin da zan faɗa. An aike ni in taho da mutum, ga ni ni kaɗai. Abin da tafiyar ta koya mini, 'yan'uwa, shi ne hoto yana nuna mutum a duƙe cikin shara, ba ya nuna inda sharar za ta, ba ya nuna wanda ya zubar. Kuma mun sha ji a wurin malamai cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, ban taɓa kawowa a raina cewa sadakar tana da wari ba.

Na iso bayan la'asar. Malam na tsakar gida a kan tabarma, auta na kusa da shi tana hardar karatunta. Ya dubi bayana, bai ga kowa ba.

"Ina take?"

Na durƙusa na ba shi labari tun daga shatin ruwa har zanen salla. Ya ce, "To maganar mutane fa?" Na ce mutanen da na gani masu zubarwa ne, ita ke kwashe musu. Sai na ji bakina ya ce, "Malam, don Allah a bar Hadizatu ta ƙare karatunta. Na ga aikin da idona, ban ga abin kunya ba."

Ya ɗago ya dube ni. Tun da aka haife ta ban taɓa tsaya mata a gabansa ba. Ya ja carbinsa, ya gyara zama.

"Ta ƙare," in ji shi. "Amma a gaya mata ta riƙa kauce wa masu ɗaukar hoto."

Na tashi na nufi randa. Auta ta biyo ni, ta karɓi moɗa ta ɗebo mini ruwa, ta tsaya tana kallona ina sha. Sannan ta rage murya ta ce, "Inna, ashe kin san sunan Yaya."