Ƙwan Lantarki Ɗaya Tsakanin Kicin da Banɗaki

Daminar da Inna ta zame a hanyar masai ita ta jawo mana aikin nan. Gidanmu na Gumel irin na da ne, masai can ƙurya bayan turken awaki, murhu a gindin darbejiya. Ga Inna da ciwon gwiwa, ga tsakar gida da an yi ruwa sai santsi. Ta faɗi, ta daɗe tana sallah a zaune. Ni ce auta, ina aure a Gagarawa, sai na kira Yaya na ce tun kafin tsohuwar nan ta karye a yi mata banɗaki kusa da ɗakinta.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, yana harkar lodin manyan motoci a Maigatari. Yana da kirki, ban ƙi ba, amma in ya ƙudura abu gara ka yi magana da bango. Ya zo da magini da hotuna cike da waya, ya ce ba banɗaki kaɗai ba, har kicin na zamani zai yi mata, ta huta da hayaƙi. Ya ɗauki kara ya zana a ƙasa: nan kicin, nan banɗaki, bango ɗaya a tsakani, wai don bututu ɗaya ya ba su ruwa daga tanki. Inda ake tuƙa tuwo da inda ake sauke shi, a ce bulo ɗaya ya raba su?

Ashe da sauran. Ya zaro wani farin ƙwan sola daga kwali, yana ta yabonsa, ya ce za a bar taga a saman bangon a rataye shi a tsakiya, ya haska ɗakunan biyu lokaci guda.

Na ce, “Yaya, inda haske ya bi, ai wari ma nan zai bi.”

Ya yi dariya, ya ce ƙauye ya cinye ni, banɗakin zamani ba ya wari, ruwa ke tafiya da komai. Wane ruwa? A unguwar da sai mai garuwa ya ga dama? Na juya wajen Inna ko za ta kama mini. Tana tsinkar zogale, ko ɗago kai ba ta yi ba. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ba ta yi masa musu, ba ta ma haɗa ido da shi sosai, kunyar ɗan fari. Abin da kawai ta ce shi ne Allah ya yi albarka. Na koma Gagarawa ina cin rai.

Da na dawo an gama. Farin tayil har sama, ƙwan nan yana ƙyalli kamar a asibiti. Maƙwabta sun yi ta zuwa gani, kuma kowa ya zo sai ya gwada, tanki kuwa tuni ya ƙafe. Na shiga kicin, miyar kuka na kan wuta, sai wani abu ya sauko mini daga sama ya haɗu da ƙamshin daddawa. Wallahi sai da na toshe hanci da mayafi. Koren ƙuda ya ɓullo ta tagar, ya zagaya ƙwan, ya sauka a kan faifan da aka rufe tuwo. Tir. Ranar ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Sai daga baya na lura da abin da ya fi warin. Tun ina ƙarama Inna ba ta ɗora tukunya sai da bisimilla, tana tuƙi tana salati, rediyonta na gefe yana tafsiri. Yanzu shiru, sai ƙarar muciya. Rediyon ma na same shi a ƙarƙashin matashi. Na tambaye ta ko jikin ne. Ta nuna tagar da haɓa.

“Ta yaya zan ambaci sunan Allah, ga ƙofa a buɗe zuwa can?”

Washegari na tarar ta sa wa banɗakin kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Na ce yanzun nan zan kira Yaya ya zo ya ga aikinsa. Ta ce kul, kada in kuskura in ɓata wa wancan rai, ya yi iya yinsa.

Haushi ya sa na jawo turmi na hau. Na tura ƙwan ɓangaren banɗaki, tunda can ake faɗuwa, na cusa tsohon buhun siminti a tagar, na kwaɓa laka na shafe ta, na ɓata farin tayil ɗin da gangan. Kicin ya yi duhu. Inna ta leƙo, ta daɗe tana duban lakar, sannan ta ɗauki tukunya, na ji ta ce bisimilla a hankali. Sai da na ji ƙwalla.

Na miƙa hannu na ce to a ba ni makullin. Ta ce a bar shi tukuna. Bango dai ɗaya ne, in ji ta, kuma in wancan ya zo gara ya tarar da abinsa fes yadda ya bar shi. Na yi magiya, na yi faɗa, har na tuna mata sallar da ta yi a zaune. Ta ci gaba da girkinta.

Da la'asar aka yi ruwa. Ana ɗaukewa ta ɗauki buta da sandarta, ta wuce ƙofar sabon banɗakin, ta nufi bayan turken awaki tana dafa bango. Na bi ta a baya cikin taɓo, hannuwana a shirye, ina lura da inda take aza ƙafa.