Yadda Na Ɗauko Ɗan Wana Daga Guangzhou

Ni na tsaya wa ɗan wana beli. Direba ne a tasha, magidanci mai iyali, suka yi rigimar layin lodi da wani, ya karya wa mutumin hannu. Da alƙali ya ce a kawo babba mai gida a cikin birnin Kano, na yafa mayafina na je na dangwala yatsa. Ban yi boko ba, amma tun ana zuwa Dubai nake fataucin jakunkunan mata, kuma ba wanda ya taɓa ganin ƙafata a ofishin 'yan sanda.

Ranar komawa kotu aka neme shi aka rasa. Ashe abokansa direbobi ne suka zaunar da shi suka karanta masa doka. Wai takardar kamun da aka rubuta a Kano iyakarta Kwanar Dangora, da ka shiga ƙasar Kaduna ta mutu. Shi kuma ya yarda, ya je Kawo a Kaduna ya kama ɗaki har ya fara lodin Abuja. Ai kuwa takardar ta bi shi. Wani alƙalin can ya sa hannu a bayanta, 'yan sanda suka zo har tashar, ya tsallake katanga ya bar takalminsa. Daga nan sai Ikko, daga Ikko shiru.

Alƙalinmu ya kira ni. Bai ɗaga mini murya ba, har kujera ya sa aka ba ni. Ya ce Hajiya, ke kika ce za ki kawo shi, in aka dawo zama bayan babbar sallah babu shi, ke za a tsare. Na dubi matan da ake fitowa da su daga baƙar mota, na ce a raina da furfurata ba zan hau wannan ba.

Wata mai sarin atamfa ce ta raɗa mini cewa ta hango mai kama da shi a Xiaobei, unguwar da mutanenmu ke sari a Guangzhou, yana tura buhu a kan kura. To garin nan na san shi. Na san jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashi, na san hanyar Shiling inda ake ɗinka jakunkunan, har masu kantunan suna kirana Mama. Amma neman mutum ɗaya a can, mai ɓuya kuma, wani aiki ne daban. Da na fara tambaya zai ji, ya sake tsallake wata katangar.

Don haka ban tambayi kowa ba. Abin da na ɗauka daga gida shi ne kuka sabuwar daka, daddawa ƙulli-ƙulli cikin leda har hawa uku don warinta, man shanu, da garin dawa. Duk wanda ya zauna a Sin ya san akwai kaza, akwai shinkafa, akwai taliyar Musulmin can da suke ja da hannu, amma ka nemi daddawa, mai kanti zai kaɗa maka hannu ya ce meyo, wato babu. Namijin Kano kuwa zai jure rashin matarsa wata shida, ba zai jure rashin miyar kuka ba.

Na sauka wurin wata ƙawata 'yar Yamai mai dafa abinci a hawa na sama. Na ce mata sadaka zan yi ranar Juma'a, a gaya wa kowa akwai tuwon dawa kyauta, kada a ce daga wa. Tun hantsi nake tuƙi. Warin daddawa ya cika benen, wata maƙwabciya 'yar Sin ta leƙo ta toshe hanci, muka zuba mata a kwano, can sai ga ta ta dawo da kwanon wayam.

Ana saukowa daga masallaci suka fara hawowa, 'yan Kano, 'yan Maraɗi, har da wasu 'yan Kumasi. Ina bayan labule ina kwasa, ina jin su. Ban san yadda aka yi ba hira ta faɗa kan gudun hukuma. Wani ya ce jiha zuwa jiha ai yanzu ba tsira, ɗan uwansa a Bauchi aka je aka ɗauko shi. Wani ɗan Maraɗi ya ce su a wurinsu jandarma ɗaya ne ƙasa duka, amma in ka haye Jibiya shi ke nan. Sai na ji wata murya da cikakken baki tana cewa duk wannan na ƙasa ne, takarda dai ba ta hawa jirgin sama.

Na ajiye mara, na wanke hannu, na gyara ɗaurina, na ɗaga labulen.

Ga ɗan wana zaune a tsakiya, ya rame, loma a hannu. Da ya gan ni sai lomar ta koma cikin kwano.

"Gwaggo," ya ce.

"Na'am. Gaskiyarka, takarda ba ta da fasfo. Ni ina da shi. Ci abincinka, ba na magana da mai jin yunwa."

Bai iya ci ba. Na jawo kujera na zauna, na gai da maza ɗaya bayan ɗaya, sannan na ba su labarin tun daga karayar hannu har kujerar da alƙali ya ba ni. Ban zage shi ba. Na dai tambaye su wa ya tsaya masa a nan, domin na san a Xiaobei baƙo ba ya samun ko ɗaukar buhu sai wani ya ce na san shi, ni na tsaya masa.

Wani dattijo ɗan Maraɗi mai ofishin tura kaya ya yi gyaran murya. Shi ne. Ya ba shi wurin kwana, ya ba shi mabuɗin sito, har yana shirin tura shi tashar jiragen ruwa ta Nansha ya riƙa duba lodin kwantena. Ya miƙa wa yaron nan tafin hannu.

"Kawo mabuɗin. Wanda ya bar gwaggonsa a bakin kurkuku, ni a ina zai bar ni?"

Ɗan wana ya waiga dama da hagu. Waɗanda suka gama cin tuwona kowa ya sunkuyar da kai yana suɗe yatsa. Ba wanda zai sake tsaya masa a garin, ya kuma sani. Ya ciro mabuɗin, ya zo ya durƙusa a gabana yana kuka da majina, ƙato da shi. Na bar shi ya yi mai isarsa.

Fasfonsa a cikin lalitata ya kwana har ranar tafiya. Na je Shiling na yi sarina yadda na saba, shi ke riƙe mini kaya. A jirgi na sa shi wajen taga ni ina bakin hanya, in zai zaga bayi sai ya nemi izinina.

Ranar zaman kotu na ci ado da leshi da awarwaro. Magatakarda ya kira sunansa, na kamo hannun rigarsa na kai shi har akwatin tsayuwa. Alƙali ya tambaye ni ina na samo shi. Na ce ranka ya daɗe, a ƙasar Sin. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce a maimaita masa. Na maimaita. Kotu ta ɗauki dariya har sai da aka buga tebur. Ya ce an sallami mai beli, ba ta da sauran magana a nan. Ɗan wana kuwa aka yanke masa abin da ya dace da shi, ya yi zamansa ya fito, yanzu yana tuƙa motar makaranta.

Ina fita wani sajan ya biyo ni bakin ƙofa, ya ce Hajiya, akwai wasu da muka daɗe muna nema, ko za ki taimaka? Na ce masa ni jakar mata nake sayarwa, in matarsa na so ya turo ta rumfata, zan yi mata ragi.